Garin da Ya Ɓuya Bayan Tudu

A bazarar 1977 labari ya bazu cewa wani kamfani zai zo ƙasar Gumel ya kafa injin sa nama a gwangwani. Babu wanda ya gane abin da zai sa mai hankali ya yanka sa lafiyayye, ya dafa, sannan ya kulle shi a gwangwani maimakon ya ci abinsa da zafinsa. Amma an ce kamfanin zai ɗauki mutum ɗari uku aiki, kowa da kaki da hula, kuma zai zo da wutar lantarki. Daga jin kaki da lantarki sai kowa ya daina tambaya.

Matsalar ita ce kamfani ɗaya ne, garuruwan da ke zawarcinsa huɗu. Mutanen Maigatari suka ce ai shanun duk a kasuwarsu suke taruwa ran Alhamis, har suka sa aka yi wa bijimai wanka da sabulu. Na Gagarawa suka ce su ne da jirgin ƙasa, kuma gwangwani ba zai taka da ƙafarsa zuwa Kano ba. Mutanen Sule Tankarkar da suka duba suka ga ba jirgi ba babbar kasuwa, sai suka shafe itatuwan bakin hanya da farar ƙasa, har da ƙafafun wani raƙumi da ya ƙi matsawa daga gindin aduwa. Su kuwa wasu 'yan kasuwa a Gumel suka naɗa kansu kwamiti, suka raɗa masa suna Kwamitin Jawo Kamfani, suka ɗora Alhaji Manu mai kanti a kan kujera. Alhaji Manu mutum ne mai kyauta ƙwarai, in dai abin ba nasa ba ne. Ya rubuta wa kamfani cewa fili kyauta, ruwa kyauta, haraji a manta da shi shekara goma, in ma suna so sai a sa wa hanyar Maigatari sunan manajansu.

Kamfani ya amsa da sharaɗi biyu. Yana son wuri mai ruwan daɗi kusa, kuma ya kasance babu kowa a kansa, don a wani gari sun taɓa shan rigima da masu gona har gaban alƙali, ba sa son a maimaita.

To, a duk arewacin Gumel wuri ɗaya ne ake samun ruwan daɗi a gaba takwas, shi ne Rijiyar Kande, 'yar unguwa mai gida ashirin da bakwai. Kuma ai ruwan ne ya tara mutanen a wurin, wannan ko yaro ya sani. Mai unguwarsu sunansa Haladu, ɗan shekara hamsin da 'yan kai, mutum mai kunya da ladabi har ya yi yawa. Tun da aka naɗa masa rawani bai taɓa ce wa mai mota a'a ba.

Ran wata Asabar Alhaji Manu ya iso a motarsa, ya ƙi zama a tabarma, ya tsaya yana ƙare wa gidaje kallo.

"Mai unguwa, ɗakunan nan naku duk na kara ne, ko?"

"Na kara ne, Alhaji, ranka ya daɗe. Ƙasarmu yashi ce, ba ta yin tubali."

"Alhamdu lillahi. Wato suna ɗaguwa."

Daga nan ya shimfiɗa masa dabararsa. Ran Talata Baturen kamfani zai zo duba fili. Da an idar da sallar asuba sai kowa ya ɗauki ɗakinsa da dangarsa da rumbunsa, a kai bayan tudun yashin da ke gabas da unguwa, a laɓe. Bature ya zo, ya ga fili fetal, a sa hannu a takarda. Da la'asar kowa ya dawo da kayansa. Idan kamfani ya zo gini ya tarar da su, ai su zai fara ɗauka aiki, tunda su ne kusa.

Haladu ya ji wani abu a maganar kamar tsakuwa a tuwo, amma ya kasa gano inda take. Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Alhaji, in an rubuta babu kowa, mu kuma mun zama su wa?"

"Ma'aikata mana!" in ji Alhaji Manu, ya shiga motarsa.

Da yamma Haladu ya tara jama'a a bakin rijiya ya faɗa musu. Dogo, wani ƙato da ya taɓa yin dako a Damagaram, kuma tun daga lokacin yake ganin ya fi kowa sanin duniya, ya miƙe ya ce shi dai an gama, shi ne mai gadin ƙofa. Nan take ya fara gwada ƙamewa yana sara wa akuyar liman. Sauran maza kowa ya zaɓi aikinsa. Har wani tsoho marar haƙori ya ce shi zai riƙa ɗanɗana naman kafin a rufe.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba, Gwaggo Yelwa, ƙanwar mahaifin Haladu, wadda ta goye shi yana jariri kuma har yau ba ta yarda ya girma ba.

"Haladu," ta ce, "matso nan. In kun ɗauke ɗakunanku da hannunku, takarda ta ce babu kowa, ran da aka hana ku dawowa wa za ku kai ƙara? Kanku?"

"Gwaggo, Alhaji ya ce la'asar kawai."

"Alhaji a gidan siminti yake kwana."

Maza suka yi mata caa, suka ce tsohuwa ba ta san ci gaba ba. Shi kuwa Haladu maganarta ta shige shi, ya san in ta tabbata, unguwar da ubansa ya bar masa amana ta tafi ke nan. Amma tsoron Alhaji Manu ya fi kusa, ga kuma idanun samari a kansa. Sai ya ce a shirya.

Wanda bai ga Rijiyar Kande ran Talatar nan ba ya yi asarar kallo. Jinka, wato hular ɗakin ciyawa, mutum takwas ke shiga ƙarƙashinta, su ce "ya Allah" su ɗaga, daga nan ba ka ganin komai sai ƙafafu. Haka jinkaye suka yi ta hawa tudu a jere, wasu na karo da juna, na ciki na zagin na ciki. Aka tuttuge dangogi aka naɗe. Aka ciccibi rumbuna, da ma bazara ta riga ta rage musu nauyi. Aka mirgina turame, aka kwashe duwatsun murhu, aka cire turakun dabbobi, aka binne toka. Rumfar masallaci ce ta ƙarshe, liman na biye da ita yana cewa a yi a hankali.

Haladu ya ce wa mata su share sawu don kada a ga alamar mutane, ya tafi bayan tudu raba faɗa a kan wa zai sa ɗakinsa a inuwa. A nan aka yi kuskuren farko. Gwaggo Yelwa ta ɗauki tsintsiya ta share tsakar gidanta irin sharar da ake yi wa baƙo, layi-layi, ta yayyafa ruwa. Ta ce baƙo zai taka gidanta, ko babu gidan ba za a je gari a ce ita ƙazama ce ba. Sauran mata da suka gani, wa zai yarda a fi shi? Ko da Haladu ya dawo, sai ya tarar da fili fetal kamar yadda aka ce, amma da tsakar gida ashirin da bakwai a share tas, kowace da iyakarta. Kafin ya yi wani abu sai ga ƙurar mota.

Mutum uku suka sauko daga Landiroba. Alhaji Manu cikin babbar riga mai aiki. Bature cikin gajeren wando, wuyansa ja wur, da kyamara a rataye. Sai safiyon kamfani mai awon fili, Malam Sajo, wani siririn Bafulatanin Adamawa wanda shi ne kuma tafinta, mutum mai magana a hankali kamar yana tsoron ta zube. Alhaji Manu ya gabatar da Haladu a matsayin mai unguwar wani ƙauye can nesa, wanda ya san dajin nan, kuma ya zo ya shaida cewa rijiyar ta makiyaya ce da suka daɗe da ƙaura Faransa, wato ƙasar Nijar.

Bature ya ɗanɗana ruwan, ya gyaɗa kai. Sannan ya nuna wata kuka a ƙarshen fili, ya ce yana so a taka daga rijiya zuwa can ya ga yanayin ƙasa. Tafiya ce miƙaƙƙiya, ba ta fi taku ɗari biyu ba. Aka ce Haladu ya shige gaba.

Wallahi da niyyar miƙewa ya tashi. Amma taku goma sai ya iso inda dangar gidan liman take jiya, ƙafarsa ta tsaya cak. Shekara hamsin bai taɓa tsallaka dangar mutum ba, yau ma ƙafar ta ce ba da ita ba. Sai ya karkata hagu ya bi lungu, ya yi dama ta bayan rumbun da babu shi, ya sunkuya ya wuce ƙarƙashin igiyar shanyar da aka kwance tun da safe. Bature ya zaci ramukan macizai ake kauce wa, ya bi sawunsa daidai, har da sunkuyawar.

"Miƙe mana, mai unguwa!" Alhaji Manu ya faɗa ta cikin haƙora.

"To, ranka ya daɗe."

Ya daure, ya nufi kuka kai tsaye. Sai ga shi a ƙofar gidan Dogo. Kafin hankalinsa ya tare bakinsa, bakin ya riga ya buɗe, da ƙarfin nan nasa na kullum: "Salamu alaikum!" Ya kuma tsaya yana jiran izini.

Can daga bayan tudu sai muryar matar Dogo ta taso siririya: "Wa alaikumus salam! Mai gidan ba ya nan!"

Bature ya waiga. Alhaji Manu ya ce wa Malam Sajo ya gaya masa amsa-kuwwa ce, tudun nan haka yake.

"Zan gaya masa," in ji Malam Sajo. "Amma ban taɓa jin amsa-kuwwa mai tarbiyya irin wannan ba."

Suna cikin haka kaji suka fara gangarowa daga tudu, don su ba a yi shawara da su ba. Kowace ta nufi gidansu ta hau tona. Bayansu jakin Dogo ya taho a natse, ya bi lungu yadda ya saba, ya je daidai inda turkensa yake ya tsaya, ya rataye kai yana jiran dusa. Alhaji Manu ya ce jakin jeji ne, akwai su da yawa a nan, ba sa tsoron mutane saboda ba su taɓa ganin mutum ba. Bature ya ji daɗi ƙwarai, ya ɗauki hotonsa har uku, bai ko lura da kantar mangala a bayansa ba.

Daga nan Bature ya gaji da zagaye, ya yanke fili shi kaɗai yana auna taku. Haladu na kallo ya ratsa gidan liman, ya taka gidan Asama'u mai ƙuli, ya faɗa gidansa shi Haladu ta baya, ya je ya tsaya a tsakiyar ɗakin matarsa Safara'u, daidai inda gadonta yake. Ya buɗe ƙafafu, ya kama ƙugu, yana nuna inda za a kafa injin. Ƙato da gajeren wando a ɗakin Safara'u, da rana tsaka! Gumi ya karyo wa Haladu, kishi da kunya suka taso masa lokaci guda.

"Malam Sajo, don girman Allah ka ce ya fito."

"Ya fito daga ina, mai unguwa?"

Haladu ya dubi Alhaji Manu, ya haɗiye miyau. "Daga rana," ya ce. "Kada ta buge shi."

Malam Sajo ya dube shi na ɗan lokaci. Shi ma ɗan ƙauye ne, tun saukowarsa daga mota ya ga sharar tsintsiya. Sai ya kira Bature zuwa inuwar kuka.

Azahar ta yi. Bature ya zauna a mota yana cin abincinsa, na gwangwani mana. Alhaji Manu ya yi alwala a bakin rijiya, ya duba ya ga wani ɗan wuri a gefe mai laushi da danshi, ya shimfiɗa dardumarsa ta Makka, ya fuskanci gabas, ya ɗaga hannuwa. Haladu ya gane wurin. Duk abin da ya haɗiye tun safe mai haɗiyuwa ne, wannan kuwa ba zai iya ɗaukar alhakinsa ba.

"Alhaji, kada ka kabbara!"

"Me kuma?"

"Nan ba ya sallatuwa."

"A daji? Wa ya ce?"

"Makewayin Gwaggo Yelwa ne, ranka ya daɗe."

Alhaji Manu ya yi tsalle gefe da ƙarfin da ba a san yana da shi ba, ya fizge dardumar yana kakkaɓewa yana salati. Haladu ya ja su ta lungu biyu zuwa inda masallaci yake, ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofar da babu ita, ya shiga da ƙafar dama. Malam Sajo ya tuɓe nasa a gefen na Haladu ba tare da an gaya masa ba. Alhaji Manu ya ja tsaki, amma shi ma ya tuɓe.

Da aka sallame, Bature ya ce wurin ya yi masa, ruwa mai kyau, ƙasa shimfiɗaɗɗiya, saura shaida. Malam Sajo ya ɗora takarda a kan goshin mota, ya buɗe 'yar kwalbar tawada, ya kama babban yatsan Haladu ya shafa masa.

"Dangwala nan, mu tafi," in ji Alhaji Manu.

"Sai na karanta masa tukuna," Malam Sajo ya ce.

"Ba sai ka wahala ba, ya san zancen."

"Aikina ne, Alhaji."

Ya karanta da Hausa, a hankali, yana tsayawa bayan kowace gaɓa. Takardar ta ce shi mai shaida ya tabbatar babu mai zama a wannan fili, babu mai noma shi, babu wanda aka haifa a cikinsa, babu wanda aka binne, kuma babu wanda zai zo gobe ya ce nasa ne.

Haladu ya tsaya da yatsa a sama. "Malam, ina wurin da aka rubuta la'asar?"

"Wace la'asar?"

"Da za a... da in wani yana so ya dawo."

"Babu la'asar a ciki, mai unguwa. Abin da ke ciki shi ne ran Litinin za a kawo waya a kewaye filin, da rijiyar duka. Ni abin da idona ya gani daban. Amma a Kano ba idona za a duba ba, yatsanka za a duba."

Alhaji Manu ya matso, ya sassauta murya. Ya ce kada mai unguwa ya damu, kwamiti zai duba lamarinsu daga baya, ai bayan tudun ma wuri ne mai kyau, ga iska. Ya ce ya tuna samari ɗari uku, ya tuna lantarki, ya tuna in Gumel ta rasa, Sule Tankarkar ce za ta samu, mutanen da suka shafa wa raƙumi farar ƙasa.

Haladu ya ɗaga kai ya dubi filin. Shi dai tun safe ya kasa ganin fili. Ga gidan liman, ga na Asama'u, ga lungun da ya koyi tafiya a ciki. Bayan kukar can ubansa yake kwance, da 'ya'yansa shi Haladu biyu da ƙyanda ta ɗauke a shekarar fari. Cibiyarsa kuwa, in Gwaggo ba ta yi kuskure ba, tana nan ƙarƙashin tayar Landiroba ta baya. Ɗaki ya ɗauku, rumbu ya ɗauku, amma a ce ya dangwala cewa ba a binne kowa a nan ba? Tsoro ya kama shi sosai, don bai san yadda ake ce wa mai mota a'a ba. Sai ya faɗi abin da ya sani.

"Akwai mutane," ya ce, da ƙyar aka ji.

"Me ka ce?" in ji Alhaji Manu.

"Na ce akwai mutane, ranka ya daɗe. Ka yi haƙuri."

Ya rasa inda zai kai yatsan. In ya goga a riga Safara'u za ta yi faɗa, saboda haka ya dangwala shi a ƙofar Landiroba. Malam Sajo ya juya bayan takardar, ya zaro alƙalami, ya ce, "Su wa da wa?"

Haladu ya fara nunawa. Nan gidan liman, mutum tara. Nan Asama'u da marayunta huɗu. Nan Dogo, da matarsa da kuka ji, da jakinsa da kuka ɗauki hotonsa. Tun muryarsa na rawa har ta daidaita, ya bi fili gida-gida yana kiran suna, Malam Sajo na biye da shi ta lungu yana rubutawa. Da aka fassara wa Bature, wuyansa ya ƙara ja. Ya tambaya ina mutanen suke. Haladu ya nuna tudu. Bature ya hau, ya leƙa, ya ga gari guda a tsugune, ɗakuna a ƙasa ba bango, mutane sun yi tsuru-tsuru, Dogo ya miƙe ya sara masa. Ya sauko, ya ninke takardarsa, ya ce a kai shi Sule Tankarkar.

Kafin Alhaji Manu ya shiga mota ya nuna Haladu da yatsa. "Ka kashe wa Gumel kamfani. Rawanin nan ka riƙa kallonsa da kyau, baƙo ne a kanka."

Motar na tashi jama'a suka gangaro. Haladu ya zaci ko mutum ɗaya zai ce masa sannu. Ina! Dogo ya ce an cuce shi, an raba shi da kakinsa, shi da har ya gaya wa surukansa. Samari suka ce mai unguwa ya tsufa, tafiya miƙe ma ta gagare shi. Haladu ya yi ta bayani a kan waya da ran Litinin, amma wanda ya riga ya ga kansa cikin hula ba ya jin zancen waya. Kowa ya juya ya kama mayar da kayansa. Ba a ko yi gardamar iyaka ba, shara ta nuna wa kowa gidansa.

Haladu da Safara'u suka kafa turakun ɗakinsu, suka ɗaura kara. Saura jinka, ita kuwa sai mutum takwas. Ya koma bayan tudu ya tsaya kusa da ita. Maza suna ta wucewa da ta wannan da ta wancan, in sun zo kusa da shi sai kowa ya ga wani abu a ƙasa. Ya kira Dogo, Dogo ya ce bayansa ya riƙe. Har la'asar ta yi sanyi, bayan tudu ya zama babu kowa sai shi da jinkarsa. Ya zauna a kan yashi. Abin ya yi masa ciwo fiye da zancen rawani, don waɗannan mutanen ne ya gama kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya.

Sai ya ji ƙarar sanda. Gwaggo Yelwa ce ta hawo tudu tana haki, bayanta Safara'u da Asama'u da Lauratu ungozoma da matar Dogo, da wasu takwas, duk sun ci ɗamara.

"Gwaggo, me za ku yi? Mata ba sa ɗaukar jinka."

"Maza ma yau na ga ba sa ɗauka. Tashi ka ba mu wuri."

Su goma sha biyu suka shige ƙarƙashi. Ɗagawar farko jinka ta yi gaba, ta biyu ta yi baya, ta uku ta tashi tana rangaji. Ba sa ganin gabansu, sai Gwaggo ta shige gaba tana buga sanda tana ba da umarni: "Hagu! Na ce hagu, Lauratu, hannun da ba kya cin tuwo da shi!" Daga ciki ana ta dariya da salati. Haladu na biye, ya rasa ta inda zai kama. Suka shigo unguwa a haka, maza na zaune a ƙofar gida, kowa ya sunkuyar da kai. Liman ne ya fara tashi ya sa kafaɗa, amma kafin sauran su gama jin kunya mata sun riga sun kai.

Suka ɗora ta, ta zauna a karkace, gefe ɗaya ya sauko har yana taɓa kan mai shiga. Gwaggo ta ja da baya ta duba, ta ce, "Ta yi. Shiga, ɗan nan, ka sha ruwa, tun safe kake tsaye a rana."

Bayan mako uku aka karɓe rawanin Haladu aka naɗa wa wani. Kamfani kuwa bai zauna a ko ɗaya daga cikin garuruwan huɗu ba, aka ce ya gano injinsa lantarki yake ci, ba kawowa yake ba, ya tsaya a Kano. Da labarin ya iso, Dogo ya tara maza bakwai suka zo ƙofar gidan Haladu, suna sosa ƙeya, suka ce sun zo su daidaita masa jinka kafin ruwa ya sauka. Ya yi musu godiya, ya sa aka kawo musu fura, ya ce a bar ta yadda take. Duk damina tana yoyo ta gefen gadonsa, sai ya sa ƙwarya ya tara, bai taɓa yarda an gyara ta ba.